Littafin Bature ya tada ƙura a zaure

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Ƙanena da ke jami'a ya dawo hutu da wani littafin Turanci, The Power of Now, na wani Bajamushe mai suna Eckhart Tolle. Tun da yaron nan ya zo ba shi da magana sai "Yaya, kai fa ba tunaninka ba ne, kai ne mai kallon tunanin." Ana idar da sallar asuba zai naɗe ƙafa ya rufe ido, wai yana bin numfashinsa. Na ce ya zo mu je karatun Ihya'u, littafin Imamu Gazzali, da ake yi a unguwarmu tsakanin magariba da isha, ya ce wannan na tsofaffi ne. Na karɓi littafin na duba. Wallahi babu komai a ciki sai muraƙaba, wato tsare zuciya irin ta sufaye, da aka cire mata sunan Allah. Sata ce tsagwaronta. Turawa sun kwashi ilimin malamanmu, 'ya'yanmu suna saye da tsada suna raina masu abin.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Allah ya shiryi yaro. Amma dakata, malaman wa? Ka ce malamanku.

Baban Khalifa: Ustaz, Imamu Gazzali nake nufi. Shi ma sai an raba?

Abu Sumayya: Allah ya jiƙan Gazzali, ban ce ba malami ba ne. Amma kada ka haɗa mu duka a buhu ɗaya. Ni malamaina su ne masu kafa hujja da hadisi ingantacce. Ihya'u cike yake da hadisai masu rauni da waɗanda ma ba su da asali. Ba ni na faɗa ba, Hafiz Al-Iraƙi ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya, ka duba ƙasan shafin bugun da ke hannunka ka ga sau nawa yake cewa bai sami asalin hadisi ba.

Sharu: To an fara. Mutum ya zo da kukan ƙanensa, kai ka zo da almakashi. Al-Iraƙin da ka kira, in da ya ɗauki littafin banza ne, zai ɓata shekarunsa yana yi masa hidima? Hujjatul Islam ne malaminmu, kuma malamin kakanka ne ko ka so ko ka ƙi. Kafin a kafa Izala a Jos a 1978, a gidanku wane littafi ake karantawa?

Abu Sumayya: Ka bar kakana a kabarinsa, Sharu. Kuma sunna ba a Jos aka fara ta ba. Malaman Malikiyya ne da kansu suka sa aka ƙona Ihya'u a Ƙurɗuba zamanin Ali ɗan Yusuf ɗan Tashfin, shekara ta 503 bayan Hijira. Su ma 'yan Izala ne?

Sharu: Sun ƙona, sai me? Daular da ta ƙona shi ina take? Littafi kuwa ga shi nan a kasuwar Kurmi juzu'i huɗu.

Maman Ilham: Don Allah malamai ku saurare ni. Ni na karanta littafin da Baban Khalifa yake magana a kai tun daga farko har ƙarshe. Maganar sata ba ta taso ba, domin mutumin bai ɓoye inda ya ɗebo ba. Ya kira Buda, ya kira Annabi Isa alaihis salam, ya kira malaman Zen, kuma ya ambaci sufaye da sunansu. Har maganar nan tasu ta cewa sufi ɗan lokacinsa ne ya kawo, ya kawo Jalaluddin Rumi. Ɓarawo ba ya faɗin gidan da ya shiga. Abin da ya kamata mu tattauna shi ne bambancin. A muraƙaba kana tsare zuciyarka ne don ka san Allah yana ganinka, kamar yadda hadisin Jibrilu ya faɗa a kan ihsani. A littafin nan kuwa kai ne kake kallon kanka, babu hisabi, babu wanda za ka koma gare shi. Wannan shi ne abin da za a zaunar da yaro a nuna masa.

Abu Sumayya: Kun ji ko? Malama ta ce ya ambaci sufaye tare da Buda. Ai shi ke nan, ta gama mini aiki. Jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Maman Ilham: Ba haka na ce ba, Ustaz, kada ka sa mini magana a baki.

Sharu: Jirgi ɗaya? Ka ji tsoron Allah. To Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, shi ma jirgin Buda ya hau? Shi malaminka ne ko ba malaminka ba ne? Amsa nake so, e ko a'a.

Abu Sumayya: Shehu mujaddadi ne, ya yaƙi bidi'a, ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a. Sunan littafin kaɗai ya ishe ka.

Sharu: Ban tambaye ka sunan littafi ba. Baƙadire ne ko ba Baƙadire ba ne?

Ɗan Damagaram: Salama alaikum. Ni tambayata daban ce. Da kuke ta cewa malamanmu malamanmu, Gazzali fa mutumin Ɗus ne a ƙasar Iran ta yau. Shehu kuma a Maratta aka haife shi, nan ƙasarmu Nijar. In rabo za a yi, ku 'yan Najeriya me ya rage muku?

Baban Khalifa: Haba ɗan'uwa, lokacin da aka haifi Shehu a 1754 akwai wata Nijar ne? Bature ne ya ja layi. Ka ga irin abin da nake faɗa, har rabuwarmu ma aikinsu ne.

Ɗan Damagaram: Layin nan dai da shi ake tare mu a Maimujiya, ba a mafarki ba.

Nas: Ni ba malami ba ne, a ɗakin tiyata nake aiki, amma maganar yaron nan ta taɓa abin da ya daɗe yana damuna. Kullum ina ganin a yi wa mutum allura, yana cikin magana ya ɗauke. A yi awa uku ana aiki a kansa. In ya farfaɗo sai ya tambaye mu yaushe za a fara. Mai barci in ya tashi ya san lokaci ya wuce, wannan kuwa bai san komai ba, kamar an yanke tsakiyar an haɗa baki da baki. Zuciya tana bugawa, jini yana gudu, to shi mai ji da sanin yana ina a awa ukun nan? Likitoci sun san adadin maganin da zai fitar da mutum daga hayyacinsa, sun san yadda za su dawo da shi. Amma yadda tsokar da ke cikin ƙoƙon kai take haifar da jin zafi ko jin daɗi har mutum ya san shi ne yake ji, wannan har yau babu amsar da masana suka haɗu a kanta. Wani masanin falsafa ɗan Ostareliya, David Chalmers, ya yi rubutu a kai a 1995, ya kira ta matsala mai wuya. Ibn Sina tun kafin rasuwarsa a 1037 ya kawo misalin mutumin da aka halitta yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ya ce duk da haka zai san akwai shi. Ni irin wannan na so mu tattauna.

Abu Sumayya: Malam Nas, Allah ya riga ya rufe ƙofar nan a Suratul Isra'i aya ta 85. Ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Shi kuma Ibn Sina da ka kawo, ka san Gazzali ya kafirta 'yan falsafa a mas'aloli uku a littafinsa Tahafutu? Cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san daki-dakin abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama.

Sharu: Allahu Akbar! Yanzu Gazzali ya zama malaminka? Ɗazu ka ce malamanku, yanzu da kake neman sandar dukan Ibn Sina ka ruga gidansa aro. Jama'a ku zama shaida.

Abu Sumayya: Gaskiya ana karɓarta daga bakin kowa. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya da kansa ya ce akwai fa'idodi masu yawa a Ihya'u, kuma akwai abin ƙi a ciki. Adalci ke nan, ba irin naku na rufe ido a bi shehi ba.

Sharu: Tun da ka kira Ibn Taimiyya, ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim ya rubuta littafi guda sukutum a kan ruhi, ashe shi bai ga ayar ba? Kuma Madarijus Salikin da kuke karantawa a masallatanku sharhin littafin waye? Na Al-Harawi ne, sufi ɗan Herat. Kuna shan ruwan rijiya kuna zagin wanda ya haƙa.

Abu Sumayya: Sharhi ya yi don ya gyara kurakuransa.

Sharu: Ya kira shi Shaikhul Islam yana gyaran?

Maman Ilham: An bar jaki ana dukan taiki. Yaro yana can yana bin numfashi, ku kuna nan kuna rabon malamai. Baban Khalifa, shawarata ka nemi juzu'i na uku na Ihya'u. Da babin abubuwan mamaki na zuciya ya fara, inda Gazzali ya bambance zuciya da ruhi da rai da hankali, ya yi bayanin yadda saƙe-saƙe ke shigowa zuciya ba tare da mutum ya kira su ba. Tambayar da ƙanenka yake yi ke nan. Kuma ka ba shi labarin Gazzalin kansa. Mutumin da yake babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, shakka ta kama shi har harshensa ya kasa karantarwa, ya bar muƙami da komai a 1095 ya fita neman yaƙini. Matashi zai fi jin wannan a kan a ce masa tashi mu je karatu.

Alhaji Mai Littattafai: Tun da an kira juzu'i na uku, Sharu, nawa yana wajenka tun kafin azumi. Saura uku suna nan sun ƙi sayuwa, wa zai sayi littafi da giɓi?

Sharu: Alhaji wannan ba maganar zaure ba ce. Ka kira ni.

Alhaji Mai Littattafai: Na kira ba ka ɗauka. A nan ne kawai nake ganinka.

Abu Sumayya: A babin amana ma akwai karatu a Ihya'un, ko ba a kai nan ba?

Sharu: Kai dai ka fara amsa tambayar da na yi maka a kan Shehu.

Ɗan Damagaram: Alhaji nawa kake sayar da huɗun? Kuna karɓar sefa?

Baban Khalifa: Ni fa ban ga wanda ya tausaya mini ba. Na kawo damuwata an mayar da ita filin Izala da ɗariƙa. Malama, na ji shawararki, amma ni har yanzu ina kan bakana. Ko ya kira sunan sufaye sau ɗari, kuɗin littafin aljihun wa yake shiga? Tun 1997 ake sayar da shi a duniya.

Maman Ilham: Yaya, in haka ne laifinmu ne da ba mu rubuta namu da harshen da yaran za su fahimta ba. Wa ya hana mu?

Baban Khalifa: Yanzu kuma laifina ne?

Nas: Babu wanda ya ce komai a kan tambayata. Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta ce Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwa, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu. Wanda aka sumar don tiyata yana ciki ko ba ya ciki? Da gaske nake tambaya.

Abu Sumayya: Ka tambayi malamai.

Sharu: Malaman wa?

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Baban Khalifa ya kawo koke a kan ƙanensa, kuma zaure ya gamsu cewa abin da ke littafin Baturen nan tuni Hujjatul Islam ya riga ya yi bayaninsa tun ƙarni tara da suka wuce, har Malama ta tabbatar mana cewa marubucin da kansa ya yarda daga sufaye ya ɗauka. Ustaz Abu Sumayya ya fara da inkarin Gazzali, daga baya alhamdulillahi ya dawo ya kafa hujja da shi, kuma tambayar da Malam Sharu ya yi masa a kan Shehu Mujaddadi har yanzu ba mu ji amsarta ba. Maganar Malam Nas ta likitoci ce, ba hurumin wannan zaure ba ce. Batun aron littafi a yi shi a gefe.

Maman Ilham: Malam Admin, ni ban ce daga sufaye kawai ya ɗauka ba. Na lissafa Buda da Zen, ka tsallake su.

Abu Sumayya: Ban yi inkarin kowa ba, kuma kowa ya san a wace zawiya Admin yake wazifa. A ƙara wani admin a zauren nan ko ni in fita.

Alhaji Mai Littattafai: Sharu, gobe bayan azahar ina shago.

Admin: An rufe tura saƙo sai bayan sallar asuba.