Abin da aka tattauna kan buɗe sabar Mastodon ta 'yan Sakkwato

Mastodon dandalin sada zumunta ne da kowace ƙungiya za ta iya buɗe nata reshe a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, kuma sabobin suna musayar rubutu da juna.

1. Kowa ya yarda kada kalmar sirrin saba da rajistar sunan adireshin shafin a intanet su zauna hannun mutum ɗaya. Ƙa'idar da Mastodon ya gindaya wa sabobin da yake tallatawa ma haka ta ce: a samu mutum na biyu mai iko, a ajiye kwafin bayanai kullum, a ba da sanarwar wata 3 kafin rufewa.

2. Kuɗi. Hayar saba da dala ake biya, gudummawa kuma da naira take shigowa, don haka a tara na wata 6 tun da wuri. Abin da ke cinye ma'aji shi ne hotuna da bidiyon wasu sabobi da ake kwafowa. A sa su riƙa gogewa bayan mako biyu.

3. Nan aka rabu. Wasu na son kuɗin wata-wata a kan kowa, wasu suka ce ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su gudu, a bar shi ganin dama. Attajiri ɗaya ya ɗauki nauyi? Mafi yawa sun ƙi, don mai biya shi ke juya akala.

4. Masu tace rubutu su zama 3, kuma wanda ya dakatar da mutum ba shi zai saurari ƙorafinsa ba.

5. Rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista: a bari sai buɗe asusun banki ya zama dole.