Wa ya ƙirga su? Gardamar yawan jama'a a gangamin siyasa

Mai buɗe zance: Jama'a, duk wanda ya taɓa aiki a filin gangamin yaƙin neman zaɓe ya zo ya ba mu labari. Jam'iyya ta ce miliyan, 'yan adawa su ce ko dubu goma ba a kai ba. Wa ke ƙirgar?

Mai ɗaukar hoto: Ni sana'ata ce. A wani gangami an hana ni hawa sama, aka ce in tsaya gindin dandamali in ɗauki gaba, inda ba masaka tsinke. Bayan fili kuwa kujeru ne jere ba kowa, sai yara na guje-guje. Da yamma 'yan adawa suka saki nasu hoton, wanda aka ɗauka da hantsi kafin mutane su iso. Babu na bogi a ciki, amma kowanne ya yaudari mai kallo.

Tsohon ɗan jarida: Haka ne, ɗan'uwa. Editana bai yarda da "cika ta batse" ba, sai ka kawo awo. Hanyar Herbert Jacobs muke bi, malamin aikin jarida a jami'ar Berkeley ta Amurka a shekarun 1960: ka auna faɗin fili, ka duba cunkoso. In ana walwala, mutum ɗaya ne a murabba'in mita. In an matse sosai, kusan huɗu. Filin ƙwallo mita 105 ne da 68, don haka ko an cushe shi bai kai mutum 30,000 ba. Na taɓa rubuta haka, wayata ta kwana tana shan zagi.

Direban bas: Ranka ya daɗe, ku ƙirga har da mu? Mutanen da na kai wa wannan jam'iyya, su na kwasa zuwa taron abokiyar hamayyarta a makon. Hula kawai suka sauya.

Ɗaliba: Malam, ai ko Amurka ba ta tsira ba. A Tulsa a 2020 kwamitin kamfen ɗin Trump ya ce an nemi tikiti miliyan ɗaya, zauren na ɗaukar kusan 19,000, hukumar kashe gobara ta ce wajen 6,200 suka shiga. A 2024 Trump kuma ya ce taron abokiyar hamayyarsa Kamala Harris na Detroit haɗin kwamfuta ne.

Mai ɗaukar hoto: Wannan ita ce sabuwar masifar. Yanzu ko da jirgi maras matuƙi na ɗauka, sai an ce in turo bidiyo.