Katakon da zan tsayar a bayan teburin aiki: bango zan kafa wa ko teburin?

Mai gyaran rediyo, gefen Ringim:
Assalamu alaikum. A zauren gidanmu nake gyaran rediyo da fitilun caji. Na sa an haɗa min tebur na madaci, tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2, na jingina shi da bango. To bangon na ƙasa ne da aka shafe da siminti, ya yi ciki a tsakiya, ta gefen hagu yatsana na shiga tsakaninsa da teburin. Duk ƙaramin noti da ya gangara sai ya faɗa can. Jiya da tocila a baki na yi rarrafe ina neman na rediyon wani dattijo, shi kuma yana zaune a kan benci yana kallona. Ina da sauran katako mai faɗin inci 4 da nake so in tsayar a bayan teburin ya tare. Bango zan buga wa ƙusa, ko teburin, ko duka biyun?

Tsohon kafinta, Gezawa:
Wa alaikumussalam. Ɗana, kada ka kuskura ka haɗa biyun. Katako yana sha yana kumbura da damina, hunturu ya zo ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ba ta tsawo ba. Bango kuwa yana nan inda yake. Na taɓa yi wa wani mai shayi irin wannan a watan Agusta, na kafe shi sama da ƙasa har ina yabon kaina. Kafin Janairu ya fita ya tsage tun daga bakin ƙusa.

Jawo teburin tsakar zaure, ka ɗora katakon a kan bakinsa na baya, ka ɗaure da sukuru daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya tsakanin kowanne. Fara huda ramin tukuna, madaci busasshe ba ya son a tura masa ƙarfe da ƙarfi, musamman kusa da ƙarshe. Ka shafa gam siriri a mahaɗar. Kuma ka yi masa banish gaba da baya kafin ka ɗaura, don in fuska ɗaya kawai ka shafe zai lanƙwashe.

Ɗan Kazaure:
Baba ya gama magana. Sai dai ramin bangon yana nan. Ni washa nake samu, irin zagayayyen ƙarfen da ake sa wa noti, in sa bakin fensir a raminsa in gangara da shi jikin bango, sai ya zana min cikin bangon a kan katakon. In fere daidai zanen, ya zauna ɗas.

Tsohon kafinta, Gezawa:
A gidan bulo wannan dabara ce mai kyau. A bangon ƙasa kuwa ni ban so katako ya manne, gara kake yi wa gada. Bar ramin, iska ta riƙa wucewa, kana kuma iya leƙawa ka ga ko ta fara gini.

Mai gyaran rediyo, gefen Ringim:
Allah ya saka da alheri, Baba. Ramin zan bari, don ko bara sai da gara ta cinye min ƙafar benci. Na auna sukurun da ke hannuna, inci 1 ne, teburin kansa ya kai haka kauri. Sai ranar kasuwa in nemo masu inci 2.