Don Allah ku ba ni shawara: karatun nas ɗin yara nake so, kowa da abin da yake faɗa mani

'Yar Daura:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Ni 'yar Daura ce, na gama sakandare a 2023. Muna da autanmu mai sikila, shekararsa 5 yanzu. Damina biyu da suka wuce ciwon ya tashi mashi cikin dare, ƙafafuwa da baya, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Inna ba ta iya kwanan asibiti saboda hawan jini, ni ce na zauna da shi kwana tara. Daren farko aka ce sai an ƙara mashi ruwa. Mutum uku suka nemi jijiya aka rasa, an huda hannun dama, an huda na hagu, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ni ma ina kuka ina danne mashi ƙafa. Can wajen ƙarfe biyu wata nas ta shigo, ba babba ba ce sosai. Ta ce kowa ya matsa. Ta sa na ɗora shi a cinyata, ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta naɗe mashi hannu, ta zauna tana tambayarsa sunan akuyarsa. Ta fi minti goma ba ta taɓa allura ba. Da ta tashi sawa, sau ɗaya ta sa a bayan hannu, ruwa ya fara tafiya. Da safe na tambayi wata, ta ce ai wannan karatun yara ta yi musamman. Har muka bar asibitin ban san sunanta ba, amma tun ranar ban ƙara son wani aiki ba.

To matsalar ita ce na ga a intanet ana digirin jinyar yara zalla, shekara 3. Na je wajen mai shagon kwamfuta ya duba mani a jerin kwasa-kwasan JAMB, ya ce babu. Na rubuta JAMB bara ban samu ba. Baba ya ce bana ce dama ta ƙarshe. Ni manya ba na so, yara kawai. Wace jami'a ke yi, kuma me ake nema?

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba autanku lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma biyu gare ni masu shi, na san wannan daren da kike faɗa.

Matiron Mai Ritaya:

'Yata, ki saurare ni da kyau, shekara 33 na yi a aikin nan, fiye da rabi a ɗakin yara. Abin da kika gani a intanet ba na ƙasar nan ba ne. A Najeriya babu wanda ke fita daga sakandare ya shiga jinyar yara kai tsaye. Sai kin zama cikakkiyar nas tukuna, kin ci jarabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta ƙasa, an ba ki lasisi. Bayan nan ne kike neman kwas ɗin ƙwarewa a fannin yara, kamar shekara ɗaya, kuma galibi suna son ki ɗan yi aiki kafin su ɗauke ki. Ana yin shi a asibitin koyarwa na ABU Zariya, ana yi a na Malam Aminu Kano. Wannan nas ɗin da ta burge ki, ta nan ta bi, ta wanke tsofaffi, ta juya masu shanyewar ɓarin jiki, ta yi dutin dare a ɗakin haɗari, kafin ta kai ga hannun ƙanenki.

Shawarata guda ce: ki bar maganar jami'a. Ga makarantar jinya nan cikin Katsina, ga ta ungozoma a Malumfashi. Shekara 3 kin fito da lasisi a hannu, ba ruwanki da JAMB. Ki dai riƙe wuta a wata shidan farko, don jarabawar PTS, wato ta tantance sababbin ɗalibai, ita ke tankaɗe mutane.

Sista A.:

Mama Matiron, a gafarce ni, zancen ba ruwanta da JAMB na da ne. Yanzu makarantun jinya da yawa sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babba, shekara 4, kuma ta JAMB ake shiga. Idan har sai ta rubuta, me zai hana ta nemi digirin? Shekara 5 ne a jami'a, ABU da BUK da Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna yi. Cikin shekarun nan za ta rubuta jarabawar lasisin jinya, ta rubuta ta ungozoma, sai shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Abin da ake nema kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. A JAMB kuma Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ƙanwata, ba ki faɗa mana sakamakonki ba. Nawa kika ci bara, kuma kiredit ɗinki sun cika?

'Yar Daura:

Na gode Mama, na gode Anti. WAEC ɗina komai ya yi sai Fiziks, D7. A NECO na samu C6 a Fiziks amma Kemistiri ya faɗi. JAMB 204 na ci. Amma ba laifina ba ne, mai shagon ne ya ce in sa Aikin Gona maimakon Fiziks tunda a nan nake da rauni, wai duk kimiyya ce.

Sista A.:

Innalillahi. To ai ko 300 kika ci da wannan haɗin ba za a ba ki jinya ba. Haɗa WAEC da NECO zama biyu ke nan, ana karɓa a wurare da dama, amma wasu jami'o'in zama ɗaya suke so, sai kin karanta sharaɗin kowace da idonki. Kuma 204 ta yi kaɗan, jinya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, kujerun kuma ƙidayayyu ne, majalisa ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka.

Matiron Mai Ritaya:

Kun ji ko? Yarinya mai D7 a Fiziks kuke turawa jami'a. Shekara 5 ɗin ma a takarda ce. A 2022 wata 8 cur malaman jami'a suka yi suna yajin aiki, 'yar ƙanwata tana gida tana tuyar awara. Ni na horar da masu digiri, na horar da 'yan makarantar jinya. Mai digiri ta zo mani da turanci bakinta fal, a ce ta sa wa bakwaini robar abinci ta hanci hannunta na rawa. Aikin yara a hannu yake da ido. Jariri ba ya cewa ga inda ke mani ciwo. Ke za ki ga haƙarƙarinsa na shiga ciki in yana numfashi, ke za ki taɓa maɗiga ki ji ta faɗa, ki san ruwan jikinsa ya ƙare.

Sista A.:

Mama, mu ma ɗakin marasa lafiya muke kwana tun aji biyu zuwa uku, ba a allo kaɗai muka koya ba. Kuma ranar ɗaukar aiki matakin albashi ba ɗaya ba ne. Shi ya sa 'yan makarantar jinyar da kansu ke dawowa jami'a su shiga aji biyu da lasisinsu.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Ni dai duk wadda za ta yi, don Allah ta koyi magana da mutane. Watan jiya na kai ɗiyata da zazzaɓi tana sanƙarewa, wata nas ta dube ni ta ce sai yanzu kuka ga damar kawo ta? Gaban mutane. Ta san nawa na ranto na hau mota? Har yau abin na ci mani rai.

Nas Ɗin Dare:

Malam, Allah ya ba da haƙuri, ba a kyauta maka ba. Amma ka zo ka gani lokacin damina, daga Yuli zuwa Oktoba, in zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu. Yara biyu, wani lokaci uku a gado ɗaya, ni kaɗai da ɗaliba guda har asuba. Ka ɗaura wa yaro ma'aunin damtse ka ga ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, uwar ta ce wata biyu yana haka, an yi ta ba shi jiƙo. Wallahi wani faɗan ba raini ba ne, ciwon zuciya ne.

Ke kuma ƙanwata, kin ce Fiziks ke ba ki wuya, Lissafi fa? Don maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Farasitamol ma miligiram 15 ne a kowane kilo, yaro mai kilo 8 ki lissafa 120, sannan ki mayar da shi mililita gwargwadon ƙarfin ruwan da ke cikin kwalbar. Ƙarfe uku na dare, barci a idonki. Sifiri ɗaya ya zame, kin kashe ɗan mutane.

'Yar Daura:

Lissafi B3 gare ni, ba na jin tsoronsa. Kuma Fiziks ɗin ba wai ba na ganewa ba ne, wata biyar muka yi babu malami a aji uku. Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai na ɓata shekaru kan manya alhali na san abin da nake so? Wanda na gani shekara 3 ne kawai.

Baƙuwa Daga Ingila:

Abin da kika gani gaskiya ne, a nan Ingila haka tsarin yake. Tun ranar shiga jami'a kike zaɓar fanni cikin huɗu: manya, yara, lafiyar ƙwaƙwalwa, ko masu naƙasar fahimta. Shekara 3, rabi a aji rabi a asibiti, awa 2,300 na aiki a kan marasa lafiya kafin a yi maki rajista. Sai dai WAEC kaɗai ba ta cika kai mutum kai tsaye ba, yawanci sai an yi shekarar share fage, ga jarabawar Turanci, ga kuɗin makaranta na baƙi wanda in aka juya shi naira miliyoyi ne masu yawa duk shekara, ban da haya da abinci. Ni a gida na yi karatuna, na yi aiki shekara 6, sannan na taho. Ina dai faɗa maki ne don ki san inda abin yake.

Matiron Mai Ritaya:

Mu muka horar da ku, kuka kwashe kuka tafi kuna renon 'ya'yan Turawa, namu uku a gado. Ba da ke kaɗai nake ba. 'Yata ta Daura, manyan da kike gudu, uwar yaron da za ki yi jinya ba babba ba ce? Rabin aikin ɗakin yara da uwa ake yin shi. Wadda ba ta iya lallashin babba ba, ba za ta iya karɓar ɗa daga hannun uwarsa ba.

Ummu Khalifa:

Tambaya ɗaya ba wanda ya yi. Me ya sa Babanku ya ce bana ce ta ƙarshe? Akwai maganar aure ne?

'Yar Daura:

Eh, an kawo kuɗin gaisuwa, an ce bayan babbar Sallah. Amma shi wanda zan aura ba shi da matsala, ya ce zai bar ni in yi karatu, har ya ce shi zai saya mani fom.

Ummu Khalifa:

Haka nawa ya ce, a gaban kawuna ma. Ina aji biyu a makarantar jinya aka fara tura mu dutin dare. Sati biyu ya jure. Na uku ya ce matarsa ba za ta kwana waje tana taɓa maza ba, uwarsa ta goya mashi baya. Yau shekara 9, farin kayana na nan cikin akwati, ƙawayena har da mai riƙe da ɗakin marasa lafiya guda. Ki sa a faɗa mashi dalla-dalla: akwai kwana a asibiti, akwai ɗakin maza, akwai turawa wani gari na makonni. In ya yarda, waliyyai su shaida.

'Yar Daura:

Anti, Allah ya sa ki koma. Amma shi daban ne wallahi, yayarsa ma malamar asibiti ce. Kuma wata ƙawata ta ce akwai wata makarantar kuɗi da ba ta neman JAMB, shekara 2, har suna cewa suna koyar da fannin yara. Na ce ko ita zan yi in huta, tunda kusa take.

Abban Siyama:

Kul! Irinta ta cinye mani kuɗin shanu biyu. Ɗiyata ta yi shekara 2, har bikin yaye su aka yi da hula da riga. Da ta je neman aiki aka ce ina lambar rajistarta ta majalisa, babu. Makarantar ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Yanzu tana wani kemis tana miƙa magani. Kafin ki ba kowa sisi, ki duba sunan makarantar a jerin majalisar jinya, kada ki yarda da takardar da suka manna a bango.

Malam Na Kankia:

Ko ta duba makarantar koyon kiwon lafiya da ke nan Daura, ta yi kwas ɗin lafiyar al'umma? Tana gidan mijinta, kuma a asibitin karkara rigakafi da awon yara duk su ke yi.

Matiron Mai Ritaya:

Wannan wani layi ne daban, da hukumarsu daban, ba nas ba ce, kuma ba a ɗaukar ta kwas ɗin yara da shi. Kada ku rikita yarinya. Na faɗa na ƙara: ta gyara Fiziks, ta nemi makarantar jinya ta Katsina, a ɗaga bikin shekara guda. Wanda ke son ta zai jira.

Sista A.:

Ta gyara Fiziks ɗin dai, a nan mun haɗu. Amma ta sa jami'a zaɓin farko.

'Yar Daura:

Ɗaga biki ba zai yiwu ba, Baba ya riga ya ba da baki. Sake zama jarabawa kuma kuɗin rajista ne, ga maganin auta duk wata. Ni ina ganin da C6 ɗin NECO zan iya haɗawa. Don Allah akwai wanda ya tabbatar ko cikin jami'o'in nan uku akwai mai karɓar zama biyu? Kuma wannan makarantar kuɗin, in na turo sunanta ta akwatin sirri, wani zai duba mani?

Maman Biyu:

Yaya jikin autan yanzu? Sanyi ya fara shigowa, a riƙa sa mashi safa da rigar sanyi, a yawaita ba shi ruwa.