TSH ya ƙi sauka duk da an ƙara magani: me ake dubawa?

Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta cije.

Mace ce mai nauyin kilo 70, tayiroyid ɗinta (ƙullin da ke wuya mai samar da sinadarin T4) ba ya aiki sosai, tana shan lebotayiroksin, maganin da ke maye gurbin T4. A lissafin maikrogiram 1.6 kan kowane kilo, 112 ya kamata ya wadatar, amma an kai 150 kuma TSH (sinadarin da ke umartar tayiroyid ya yi aiki, wanda kan hau idan T4 ya yi ƙaranci) yana nan a 11, alhali ana son ganinsa tsakanin 0.4 da 4. Abin da ya ɗaure kai shi ne T4 ɗinta yana can dab da iyakar lafiya ta sama. A ƙa'ida, da T4 ya cika jini, fituwitari (ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa) sai ta rage sakin TSH. To me ya hana?

Kowane gwaji an jira mako 6 bayan sauya adadi. Tana sha da ruwa, cikinta wayam, minti 60 kafin karin kumallo, ƙwayar ƙarin jini kuma sai bayan awa 4. Ba ta shan omeprazol, maganin ulsa da kan rage tsotse maganin.

Zargina ya fi karkata ga tsallake kwanaki, sannan a haɗiye da yawa dab da gwaji: T4 kan tashi nan take, TSH kuwa sai ya ɗauki makonni. Ta dai ce ba ta fashi. Da hanji ne ba ya tsotsewa, ai da T4 ya yi ƙasa.

Shin a sake gwajin da wata na'ura daban, ko garkuwar jiki ce ke rikita sakamakon? Ko a fara ba ta maganin a gaban ma'aikaci?