Zan tuƙa daga Huston ta jihar Teksas zuwa Niyok a Amurka da iyali, dokar wace jiha ce za ta hau kan motata?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. A watan Disamba in Allah ya kai mu zan tafi unguwar Bronx ta birnin Niyok da iyali, za mu yi 'yan makonni wurin yayana. Kuɗin jirgin mutum huɗu a lokacin hutu ya fi ƙarfina, shi ya sa zan tuƙa. Taswira ta ba ni mil 1,600 da ɗoriya: babban titin I-10, sai I-59 zuwa garin Chattanooga na jihar Tenesi, daga Tenesi in hau I-81, in ƙarasa da I-78.

Motar Camry ce mai lambar Teksas. Gilasanta masu duhu ne, kashi 25 na haske ke ratsa su, daidai da abin da Teksas ta yarda. Ina kuma da na'urar nan mai yin ƙara idan radar 'yan sanda na kusa. Wani abokin aikina ya ce muddin motata ta cika ƙa'idar jiharta babu mai taɓa ni a ko'ina, wani kuma ya ce ina tsallaka iyaka dokar Teksas ta ƙare. Wanne ne gaskiya? Yaran kuma ɗaya shekara 7, ɗaya shekara 1 da rabi.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Dukansu biyun sun faɗi rabin gaskiya. Abin da ya shafi rajista yana bin jihar da ta ba ka lamba. Misali mai motar Jojiya ko Fensilbaniya lamba ɗaya ce gare shi, a baya, kuma yana shiga Niyok inda ake sa biyu ba tare da laifi ba, don jiharsa ɗaya ta ba shi. Amma abin da kake amfani da shi kana kan titi, wannan dokar inda tayarka take ce.

Na'urar radar nan ita ce babbar matsalarka, domin hanyarka ta ratsa Bajiniya fiye da mil 300 a kan I-81. Bajiniya da birnin Washington sun haramta ta a motar gida. Kashe ta kawai bai wadatar ba, dokar ta ce sai ta kasance ba a jone da wuta ba kuma hannun direba ko fasinja ba ya kai mata. Kafin ka wuce Bristol, garin da ke iyakar Tenesi da Bajiniya, ka cire ta, ka naɗe wayarta, ka jefa a but. Mu masu manyan motoci ma dokar tarayya ce ta hana mu ita a duk ƙasar.

Kuma ka kiyayi gudu a Bajiniya. Idan ka haura mil 85 a awa, ko ka ɗara ƙa'idar wurin da mil 20, tuƙin ganganci suke rubutawa, wanda laifi ne na zuwa kotu, ba tarar da za ka biya ka manta ba. Mutumin da ya saba da titunan Teksas ƙafarsa tana da nauyi, ka sa mota ta riƙe maka gudun da kanta.

Malam na Bronx:
Maganar gilashi fa kada ku raina ta. A nan Niyok kashi 70 na haske ake so ya ratsa gilasan gefe na gaba, kuma ga ƙaramar mota irin Camry har na gefen baya. Kashin yana yin ƙasa, duhun yana ƙaruwa, to ka ga 25 da 70 ba su ma yi kusa ba. Tun 2017 ake auna duhun gilashi a binciken mota na shekara. 'Yan sanda suna yawo da abin aunawa, kuma kowane gilashi ana iya rubuta masa tikitinsa. Ni dai da ni ne, ɓare shi zan yi kafin in taso.

Maman Hanifa:
Malam, a gafarce ni, amma ɓarewa saboda ziyarar 'yan makonni ai asara ce. Zai koma Huston ne fa, inda rana ke dukan mutum wata da watanni. Binciken shekarar da ka ambata na motocin da ke da rajistar Niyok ne, bai shafi baƙo ba.

Malam na Bronx:
Hajiya, binciken bai shafe shi ba, na yarda. Tsayarwa a titi fa? Akwai jihohin da dokarsu ta ware motar baƙo idan ta cika ƙa'idar jiharta, Tenesi na ciki. Ta Niyok cewa ta yi kada kowa ya tuƙa mota mai irin wannan gilashi a kan titi, ba ta ce mai lambar Niyok kaɗai ba. Da wucewa kawai zai yi da sauƙi. Shi kuwa zai ajiye mota a unguwa, ya fita da ita safe da yamma, lambar wata jiha ga baƙin gilashi. Idon ɗan sanda ba ya tsallake irin wannan.

Direban Tirela:
Ni a tsakiya nake. Gilasan gaba biyu su ne ke jawo ido, don ɗan sanda yana son ganin direba. Idan za ka taɓa wani abu, su za ka ɓare ka bar na baya, sanin cewa na bayan ma ba su cika ƙa'idar Niyok ba, sai dai haɗarin ya ragu. Niyu Jasi ba ta yarda da duhu a gilasan gaba ba sam, Fensilbaniya kuma 70 take bi. Bajiniya 50 ce a gaba, amma tun Maris 2021 ba a tsayar da mutum don gilashi kaɗai, sai in wani laifin ya sa an tsayar da shi. Duk inda aka tsayar da kai, sauke gilasan tun kafin ya iso, kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari.

Maman Hanifa:
To bari in yi maganar yara tun da kun manta da su. Ƙaramin dole kujerarsa ta kalli baya, Niyok ta wajabta haka har ya cika shekara 2. Babban ma bai fita ba, ƙasa da shekara 8 sai da kujerar ƙarin tsayi. Uwargida kuma ko a baya ta zauna don kula da jariri sai ta ɗaura bel, tun Nuwamba 2020 Niyok ta haɗa da manyan da ke baya.

Waya kada ta taɓa hannunka. A Teksas tura saƙo ne dokar jiha ta hana, amma Tenesi tun 2019, Bajiniya tun 2021, riƙe ta ma laifi ne. Ka sami mariƙi na jikin fankar iska, ka saita taswira kafin ka tashi. Carbin da ke rataye a madubi ma a sauke shi, jihohi da dama suna ɗaukarsa abin da ke kare ganin direba.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri. Na'urar a gida ma zan bar ta, gilasan gaba kuma zan kai a ɓare. Saura taya: sai na sayi na ƙanƙara?

Direban Tirela:
Hanyarka ba ta bi ta inda ake tilasta ɗaura wa taya sarƙa ba, wannan sai duwatsun Kolorado da Kalifoniya. In zanen tayoyinka yana da zurfi sun isa, ka dai duba hasashen yanayi kafin ka hau I-81. Tayoyi masu ƙusa kada ka soma, Teksas ma ba ta yarda da su ba. Abin da za ka canja shi ne ruwan wanke gilashi, na Kudu daskarewa yake yi, ka zuba mai jure sanyi. Ka sayi abin kankare ƙanƙara, don a Niyu Jasi da Fensilbaniya ana cin tarar wanda ya hau titi da ƙanƙara jibge a saman mota. Waifa na aiki, fitila a kunne, wannan doka ce a yawancin jihohin da za ka ratsa.

Katin tolget na Teksas ba ya aiki a yankin E-ZPass, wato katin tolget na jihohin gabas, kyamara za ta ɗauki lambarka a aiko da takarda gida, ka lura da akwatin wasiƙarka bayan ka dawo. Tikiti kuma in an ba ka, ka biya ko ka amsa wa kotu kafin ranar da aka rubuta. Yawancin jihohi suna sanar da juna, wanda ka yi banza da shi a Bajiniya yana iya sa a riƙe lasisinka a Teksas.