Ta yaya ake gane ko tundira tana shan kabon ne ko tana fitarwa?

Hadiza_92:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ina da tambaya da ta tsaya min a rai tun jiya. Ina karatu ne akan tundira, wato filayen nan na can arewacin duniya, Alaska da Kanada da Saiberiya da Girinlan, inda sanyi baya barin bishiya ta girma sai gajerun ciyayi da gansakuka, ƙasan wajen kuma a daskare take shekara da shekaru. Sai na ci karo da rahoton da hukumar NOAA ta Amurka mai lura da yanayi da tekuna ta fitar a Disamban 2024 cewa yankin nan da ya kwashe dubban shekaru yana tara kabon a cikin ƙasa yanzu ya koma yana fitar da fiye da wanda yake sha. Gaskiya abin ya tada min hankali, amma abinda na kasa ganewa shine ta yaya suka sani? Iska ce fa, ba ganinta ake ba, ba kamata ake ba, filin kuma ido baya ganin ƙarshensa, wa ya tsaya ya ƙirga?

Malam_Garba:
Wa alaikumus salam Malama Hadiza, tambayarki tayi ma'ana sosai. Lissafin shiga da fita ne. Da bazara ciyayi suna zuƙar CO2, wato iskar kabon dayoksaid, su gina jikinsu da hasken rana, su kuma ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa suna cin matattun ganye da saiwoyi suna fitar da CO2, in wajen dausayi ne da ruwa ya kwanta su fitar da iskar metan, ita ma iska ce mai ɗauke da kabon. In an cire wannan daga wancan, abinda ya rage shi ake nema.

Babban kayan aikin wata hasumiya ce ta ƙarfe, ba ma doguwa bace tunda ba bishiya a wajen, mita biyu zuwa uku ya isa. A samanta akwai na'urori biyu, ɗaya tana auna motsin iska ta hanyar harba sauti tsakanin ƴan yatsunta, ɗayar tana auna yawan CO2 da hasken infared, wani haske da ido baya gani. Dabarar ita ce iska bata tafiya a miƙe, murɗawa take tana juyi, wani curin ya hau sama wani ya sauko, toh na'urorin suna auna wannan sau 10 ko 20 a kowace daƙiƙa, in curin da ke hawa ya fi mai saukowa ɗauke da CO2 to ƙasa fitarwa take, in mai saukowar ne ya fi to sha take. Duk rabin awa kwamfuta ta haɗa lissafi ta bada lamba ɗaya. Sunan dabarar edi kobariyans. Akwai irin waɗannan hasumiyoyin a kusa da Toolik da Utqiagvik a Alaska, da Zackenberg a Girinlan, da Abisko a Suwidin, da Cherskiy a gefen kogin Kolyma a Saiberiya. Sai dai ki sani hasumiya ɗaya bata jin numfashin ƙasa sai na ƴan ɗaruruwan mita ta ɓangaren da iska ke tahowa.

Zainab_Eco:
Malam yayi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Bari in ƙara da hanya ta biyu don ita na taɓa yi da hannuna lokacin da nake karatun digiri na biyu, bazara ɗaya nayi a wani sansanin bincike a arewacin Alaska. Akwati ne na roba mai garai-garai da ba shi da gindi, ana kafa masa zobe a ƙasa tun farkon kakar aikin, kullum kizo ki kifa akwatin akan ciyawar ki toshe ko'ina, akwai ƴar fanka a ciki tana juya iskar, ke kuma kina kallon lambar CO2 a na'ura na minti biyu ko uku. Wallahi ranar farko da naga lambar tana sauka a gabana saboda ƴan ciyayin nan da basu kai tsawon yatsa ba suna zuƙe iskar, sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan sai ki ɗaga akwatin ya sha iska, ki sake kifawa ki lulluɓe shi da baƙin ƙyalle ya zama duhu, ciyawa ta daina sha, sai kiga lambar ta juya tana hawa, wannan numfashin ƙasa da tsirrai ne zalla. Bambancin biyun shine abinda ganye ya sha.

Kuma akan katako muke tafiya ba'a taka ƙasar, don in kin taka dausayi kusa da akwatin nauyinki kaɗai zai matso kumfar metan sama ya ɓata miki awon. Ga sauro kamar hayaƙi, hannu ɗaya na riƙe da littafi ɗaya na kora. Abinda ya fi bani mamaki shine taku biyar tsakanin tudu busasshe da kwari mai ruwa amma lambobinsu ko kusa basa kama da juna.

Auwal_K:
To ni anan nake da ja. In taku biyar yana canza lamba, hasumiya kuma ƴan ɗaruruwan mita take ji, ta yaya za'a ɗauki wannan a yanke hukunci akan miliyoyin murabba'in kilomita? Ba ƙaryata masanan nake ba amma ina ganin kamar an ɗebi ruwa cokali ɗaya ance an san kogi.

Malam_Garba:
Ɗan'uwa Auwal jan ka yana kan hanya, su kansu masu aikin basa ɓoye wannan. Shi yasa ake haɗawa da jirgin sama mai shawagi ƙasa-ƙasa yana ɗibar iska, kamar shirin CARVE na NASA da yayi ta zagaya Alaska daga 2012 zuwa 2015, da tauraron ɗan'adam da ke nuna irin ciyayi da danshin kowane waje, sai a ɗora awon hasumiya akan wuraren da suka yi kama da inda take. Amma ni a ganina babban raunin ba faɗin fili bane, hunturu ne, kuma a nan duk amsar tambayar Malama Hadiza take.

Shekaru da yawa da bazara kawai ake awo, a tattara kaya a tafi in sanyi ya shigo, ana ɗauka ƙasa ta daskare komai ya tsaya. Ashe ba haka bane. Da kaka ƙasar tana daskarewa ne ta sama da ta ƙasa, tsakiyar kuma ta zauna a kusan digiri 0 har tsawon makonni ko watanni, dusar ƙanƙara ta rufe ta kamar bargo, bakteriya na nan suna ci suna numfashi alhali ba ganye ko ɗaya da ke sha. A Zackenberg a kakar 2007 da aka tsawaita awo aka ga metan ya ɓalle da yawa daidai lokacin da ƙasa ke daskarewa. A 2016 binciken Donatella Zona da abokan aikinta a Alaska ya nuna lokacin sanyi yana bada rabi ko fiye na metan ɗin shekara. A 2019 kuma Susan Natali da tawagarta suka haɗa awon wurare sama da 100 suka ƙiyasta cewa daga Oktoba zuwa Afrilu yankin daskararriyar ƙasa na fitar da kabon kusan tan biliyan 1.7, abinda tsirrai ke sha da bazara kuma an ƙiyasta shi wajen biliyan 1. Kuma lokacin ne awo ya fi wuya, a Utqiagvik rana bata fitowa sama da wata biyu, sola bata aiki, ƙanƙara ta manne a bakin na'ura, tauraron ɗan'adam na OCO-2 mai auna CO2 ma da hasken rana yake awo don haka a duhun nan makaho ne.

Zainab_Eco:
Ga gobara kuma Yaya Auwal, wadda hasumiya bata kamawa sai in a gabanta aka yi. Gobarar kogin Anaktuvuk a 2007 ta cinye wajen murabba'in kilomita 1,000 a arewacin Alaska ta saki kabon kusan tan miliyan 2 a ƴan watanni. Shi rahoton na NOAA da gobara a cikin lissafinsa. Wani abu kuma da ke damuna, tun yaƙin Yukren a 2022 haɗin gwiwa da tashoshin Rasha ya tsinke, alhali kusan rabin ƙasar Aktik, wato yankin nan na arewacin duniya, a hannunsu take.

Hadiza_92:
Nagode ƙwarai Malam, nagode Yaya Zainab, yanzu na fahimta. Saura abu ɗaya, na karanta cewa kabon da ke daskare a ƙasar nan ya kai tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya. Ta yaya ake bambance wanda ke fita daga tsohon ajiyar nan da na ganyen bara da ya ruɓe?

Zainab_Eco:
Da kabon-14 ƙanwata. Ana tara iskar cikin akwatin a kai dakin gwaji, shi kabon-14 wani nau'in kabon ne da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730, to in iskar tazo da shi kaɗan kin san daga tsohuwar ƙasa mai zurfi ta fito. Ted Schuur da ɗalibansa sun yi wannan a Eight Mile Lake kusa da Healy a Alaska, kuma wuraren da suka fi daɗewa da narkewa su suka fi fitar da tsohon kabon.